Maɗacin Kaka a Cikin Kwalba

Ranar da 'yan matan lise, wato sakandare, na unguwarmu suka zo ganin wurin aikina, wata mai suna Samira ta leƙa ta gilashi ta ce, "Anti Rakiya, ashe hutu kike zuwa yi. Ga kilim yana hura sanyi, ga kujera mai taya, kwalaben ma da kansu suke rawa." Sauran suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Ban ba ta amsa ba, domin hannuna na cikin aiki, kuma a gaban aikin nan ba a magana. Ga amsar yanzu, gare ta da duk wadda ke sha'awar kujerar.

Shekara tara ke nan ina renon tsirrai a cikin kwalba, a wani ƙaramin ɗakin bincike da ke Tokoin. Reno na ce, don ban sami kalmar da ta fi ta dacewa ba. Ana yanko ɗan guntun ganye ko toho wanda bai kai farce ba, a wanke shi da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye sau uku, a kwantar da shi a kan abincin da muka dafa masa da sukari da gishirin tsirrai, wanda in ya huce yake daskarewa kamar kafa, tuwon kamu. In Allah ya yarda, bayan 'yan makonni gefen yankan zai kumbura ya fitar da wani farin tsiro mai kama da ɓarɓashin wagashi, cukun nono. Ba ganye ba ne, ba saiwa ba ce. Ƙwayoyin rai ne kawai da ba su yanke shawarar abin da za su zama ba. Mu muna kiransa kal. Daga shi ana iya tayar da sabon tsiro. Ana kuma iya zuba shi a ruwa a ɗora a teburin girgiza, ya yi ta yaɗuwa, a roƙe shi ya yi maganin da uwarsa take yi. Rawar da Samira ta gani ke nan. Ba don nishaɗi ba ne, in teburin ya tsaya numfashinsu ya tsaya.

Wata shida na farko ban taɓa tsiro ba. Kwalabe na wanke. Wadda ta koya mini aikin, Tanti Afi, Ba'ewiya ce doguwa mai furfura a gaban kai. Ta iya Hausa tun tana yarinya, a rumfar atamfar mahaifiyarta da ke Adawlato, Hausar kasuwa mai kaifi. Sai ta ɗaga kwalbar da na wanke ta haska ta a taga, ta juya ta a hankali, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Rakiya-vi take ce mini, wato ƙaramar Rakiya a yarensu.

"Rakiya-vi, wa ya sha kunu a nan?"

"Tanti, sau biyu na wanke ta."

"To, kunun sau uku ya shiga."

Da ta ga na daina jin haushi, sai ta zaunar da ni a gaban hot, wato akwatin da ke huro iska mai tsabta a kan hannun mai aiki. Kayan ba su da yawa: hantsaki biyu, aska, fitilar alkol, wato sifirit, da ake ƙona bakin ƙarfe a kanta, da tukunyar tururi da ke kashe duk wani abu mai rai da ya ɓuya a kwalba. Ta sa na cire awarwaro da zobe, na tura bakin mayafina cikin farar riga. Ta ce hannu ba ya wucewa ta saman buɗaɗɗiyar kwalba ko da sau ɗaya. Ta ce in za ni tari in tashi, in za ni tunani ma in tashi, don ta lura ina da tafiya mai nisa alhali ina zaune. Gaskiyarta. Ni mutum ce da zan iya kallon kumfa a ruwa har shayi ya huce. A gaban hot na koyi ajiye mafarki a bakin ƙofa tare da takalmi, in ɗauke shi in an tashi.

Abin da ke riƙe da ɗakin shi ne ayaba. Manoma daga wajen Kpalime suke zuwa neman 'ya'yan ayaba marasa cuta, wasu da abarba. Ina tuna wani dattijo da ya zo karɓar nasa, ya ga tsirrai ɗari biyu sun shige cikin kwali ɗaya, ya tafa hannu ya ce shi gona ya biya, ba kayan wasan yara ba. Tanti Afi ta ciro ɗaya, ta wanke saiwarsa, ta ɗora masa a tafin hannu, ta ce ya ƙirga saiwoyin. Ya ƙirga da ɗan yatsa mai kaushi, a hankali kamar mai taɓa kunnen jariri. Bayan shekara ya dawo mana da nonon ayaba biyu a bayan moto, wato babur. Waɗannan su ne masu ciyar da mu. Aikin magani kuwa, na Dokta ne, shugaban ɗakin, kuma a gefe ake yinsa in wuri ya samu.

Yanzu bari in zo kan maɗaci.

Kakata ta wajen uba, Kaka Azumi, sassaƙe da saiwoyi take sayarwa a ƙofar gidanmu a Zongo. Rabin abin da ke teburinta daga bishiya ɗaya yake fitowa, wani tsohon maɗaci da ke bayan gidan, wanda aka ce surukinta ne ya zo da irinsa daga arewa a ƙulle a bakin rawani. Masu ciwon ciki da masu zazzaɓi da masu jego duk sun san shi. Ba na cewa yana warkar da duk abin da ake sha dominsa, wannan sai an gwada. Abin da na sani shi ne ɗacinsa ya fi na kowane maɗaci da na taɓa ɗanɗanawa, kuma har daga kasuwar Akodesewa masu sayar da itatuwa ke zuwa roƙon ɓawonsa. Tun ina ƙarama nake bin Kaka wurinsa. Takan yi masa sallama, ta yi bisimilla, ta sare shi sara ɗaya da ƙaramar adda, ta dangwalo laka ta shafe wurin, mu koma gida hannu wofi. Sai bayan kwana uku mu dawo da kwando.

Wata ranar Litinin muka tashi muka ga an shafa masa jan fenti. Za a faɗaɗa magudanar ruwa, kuma yana kan hanya. Kaka ba ta yi gardama da kowa ba. Ta tsaya ta dube shi, ta ce ruwan da ke shiga ɗakunan mutane duk damina shi ma hakki ne. Ana gobe za a sare shi na hau tsani da safe na yanko sababbin toho, na naɗe su a jiƙaƙƙen zane, na sa a kular ƙanƙara, na hau zemijan, wato moton haya, ina rungume da ita har Tokoin. Mai moto ya tambaye ni ko jini nake kaiwa asibiti. Na ce kusan haka.

Guntu arba'in na kwantar. Tsohuwar bishiya ba ta son kwalba, ta saba da ƙura da tururuwa. Wasu suka yi funfuna, wasu suka yi baƙi suka mutu. Uku ne suka fitar da kal, daga cikinsu ɗaya ya ɗore. Na yi ta canja masa abinci duk bayan mako uku, na mayar da shi ruwa, ya yaɗu ya yi kyau, fari tas, mai laushi kamar kindirmo. A lokacin wurin bishiyar ya zama siminti. Duk abin da ya rage na maɗacin Kaka a duniya yana cikin kwalabe a kan teburinmu, da wani tsohon ɓawo da na adana a ambulan.

Sai dai akwai matsala. Muna da hanyar gane ko sinadarin ɗacin yana nan. Ana jiƙa abu a alkol, a ɗiga ruwansa a gindin wani siririn faranti mai farin shafe, a tsayar da shi a ruwan gwaji ya tsotsa sama, a fesa masa magani a gasa. In sinadarin na nan, tabo ja zai fito. Ɓawon Kaka kullum yana fitar da tabonsa, jajir kamar ɗigon zoɓo. Layin kal ɗina kuwa fari fat. Na wanke kaɗan na kai wa Kaka a takarda. Ta ɗora a harshe, ta jira, ta dube ni.

"Wannan jikan wa ne?"

"Maɗacinki ne, Kaka."

"Lami ne. Me kuke ba shi?"

"Sukari, da sanyi, da..."

"Sukari," in ji ta, ta gyaɗa kai. "Ko ke aka yi wa haka ba za ki san komai ba."

A kan haka muke shekarar wahala ta same mu. Wuta ta riƙa ɗaukewa da rana tsaka, wani lokaci tun hantsi har la'asar. Injinmu na wuta ya lalace, kayan gyaransa suka ƙi zuwa. Ɗakin reno ya zama murhu. Zufa ta taru a cikin murafe, wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani suka riƙa yawo daga kwalba zuwa kwalba suna jan funfuna a ƙafa. Kullum da safe mu kwashe tire guda mu kai tukunyar tururi. Mun yi asarar fiye da rabin ayaba, ga manoma sun gyara gona suna jira. In wuta ta ɗauke, ni da Tanti Afi mu zauna a ƙasa kowa da kwalba biyu a hannu, muna juya su kamar masu rarrashin tagwaye, tana waƙar cocinsu a maƙoshi, ina salati a zuci. Da haka kwalabe huɗu na maɗaci suka tsira.

Teburin girgiza ɗaya ne ya rage mai aiki, kuma ana buƙatar kowane gurbi a kansa. Dokta ya kira ni. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara biyu ke nan layin nan yana cin sukari yana cin wuri, bai ba da tabo ko ɗaya ba. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In faranti bai yi ja ba, kwalaben za su shiga tukunya.

Ba wai ba mu san dalili ba ne. A littafi mun sani. Tsiro ba ya yin ɗaci don mu, yana yi ne don kare kansa daga mai cinsa, kuma aiki ne mai tsada, ba ya farawa sai an gaya masa akwai haɗari. A fatar kowace ƙwayar rai akwai wasu abubuwa kamar kunnuwa. In suka ji alamar rauni, ƙofofi su buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki kamar an buga ƙararrawa. Daga nan ƙwayar ta haɗa wani ɗan saƙo da ake kira jasmonat. Shi ne ke shiga har ɗakin da aka ajiye umarnin gado, ya ture mai gadin da ke zaune a kan makulli, a buɗe shafin da aka rubuta yadda ake haɗa ɗaci, a fara aiki. Nawa ƙwayoyin ba su taɓa jin ƙararrawa ba. A sanyi aka haife su, a sukari suka tashi. Ana sayar da jasmonat a ƙaramar kwalba, Dokta ma ya yi odarsa, amma wata biyar ke nan ba labari.

Sai na tuna addar Kaka. Na ce ai ga amsa tun ina yarinya nake ganinta. Na ɗauki kwalabe biyu cikin huɗun, na sa sandar gilashi na murtsuke ƙwayoyin sosai, na mayar da su tebur, na jira kwana uku. Suka koma ruwan ƙasa kamar shayin da ya kwana, suka kwanta a gindi. Na gwada su duk da haka. Fari. Na kashe rabin abin da ya rage da hannuna, saura kwana goma sha ɗaya. Tanti Afi ta ɗaga kwalba ɗaya ta haska a taga yadda ta saba, amma wannan karon ba ta yi mini ba'a ba. Ta ajiye, ta ce in tafi gida da wuri.

Na tarar da Kaka a ƙofar gida bayan la'asar tana ɗaure saiwoyi da zare. Na zauna a gefen tabarmarta na gaya mata abin da na yi. Na ce yadda take yi na yi, na sare shi, na jira kwana uku, na ɗiba.

"A ina kika ɗiba?"

"A wurin da na sara mana."

Ta ajiye zaren. "Rakiya, shekara nawa kina riƙe mini kwando, idonki na kan tsuntsaye? Yaushe kika ga na ɗiba a wurin sara? Can gefe nake zagayawa, taki ɗaya ko biyu, inda labari ya isa."



"Ke 'yar Zongo ce," in ji ta. "In aka yi rasuwa a gida, su ke girki? Su kuka ne nasu. Maƙwabta ke ɗora tukunya. Ke kin je kin mayar da unguwa duka gidan makoki, sannan kina tambaya ina tuwo."

Wata mata ta zo sayen maganin shawara, Kaka ta juya wurinta, zancen ya ƙare a nan.

Ranar Litinin na gaya wa Tanti Afi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Tsohuwar nan, a ba ta farar riga." Muka tsara yadda za a yi. Kwalba ta uku na ɗan murza ta, ba kamar na farko ba, na bar ta awa biyu. Na zuƙe ruwanta da sirinji, na tace shi ta matata mai hana ƙwayar cuta wucewa, ya fito garau kamar ba komai a cikinsa. Wannan ruwan shi ne ɗan aike. Na buɗe kwalba ta huɗu, ta ƙarshe, wadda ba a taɓa ba. Tanti tana tsaye a bayana, ba ta numfashi da ƙarfi. In na zuba da yawa, su ma za su firgita su mutu. In na zuba kaɗan, ba za su ji ba. Babu littafin da ya faɗi adadin, don ba wanda ya taɓa renon wannan bishiyar. Na ɗiga goma, na tsaya, na ƙara biyar, na ƙona bakin kwalbar na rufe. Wadda na murza kuwa na ajiye ta a tiren da ake kai wa tukunya ranar Juma'a, na manta da ita.

Talata ba abin da ya canja. Laraba wuta ta ɗauke awa huɗu, na juya kwalbar a hannu har kafaɗata ta ƙage. Da yamma na ga farin ya ɗan sirka, ya koma kalar man shanu, ban sani ba ko alamar aiki ce ko ta mutuwa. Alhamis da safe na ɗebi cokali ɗaya, na jiƙa, na ɗiga a faranti kusa da ɗigon tsohon ɓawo. Na fesa, na ɗora a kan wuta. Tabon ɓawo ya fito tukuna, kamar kullum. Sai a gefensa, daidai tsayinsa, wani abu ya fara bayyana, ja-ja, mara ƙarfi, kamar lallen da ya kusa gogewa. Tanti Afi ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta je da kanta ta kira Dokta. Ya daɗe yana kallo, ya sa na sake ɗiga wani a gabansa. Ya sake fitowa. Ya ce wannan somin-taɓi ne, sai an maimaita sau da yawa kafin a faɗa wa kowa. Sannan ya ɗauki alƙalami ya rubuta a gurbin teburin cewa kada a taɓa.

Da la'asar na kai wa Kaka ɗan abin da na wanke, bai fi ƙwayar gero uku ba. Ta ɗora a harshe. Na ga gefen bakinta ya motsa, idonta ya ƙanƙance. Ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Yaro ne," in ji ta. "Amma ɗan gidan ne."

Ta ce masa salamu alaikum, a hankali, tana kallon takardar. Sannan ta ɗago.

"Wadda kika sara fa?"

"Wace?"

"Wadda ta aika da labarin. Kin shafa mata laka?"

Na ce ai ta gama aikinta, gobe za a sa ta a tukunya. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita shekara hamsin tana saran bishiyar nan, ba ta taɓa juya mata baya da rauni a buɗe ba, shi ya sa kullum ta dawo take samunta.

Juma'a tun kafin masu koko su gama jera kwanuka na hau zemijan. Na tarar Tanti Afi ta riga ta zuba ruwa a tukunya, tire na hannunta. Na ciro kwalbar. Ƙwayoyin sun yi duhu, sun lafe a ɗan ruwan da ya rage, amma a tsakiyarsu akwai 'yan dunƙule da ba su gama baƙi ba. Tanti ta ce, "Wannan gawa ce, Rakiya-vi." Na gaya mata abin da Kaka ta ce. Ta ajiye tiren, ta buɗe kabad ta ciro garin gawayi na gwaji, wanda ake zubawa a abincin tsiro ya tsotse dafin da rauni ke fitarwa. Muka dafa, muka zuba a faranti, ya daskare baƙi ƙirin. Ta dube shi ta ce, "To, ga lakarku." Na tsinci dunƙulen ɗaya bayan ɗaya da hantsaki na kwantar da su a kai.

Jasmonat ɗin Dokta ya iso daga baya, kuma da shi muke aiki yanzu, don ya fi auno. Tabon ya ƙara ja, ko da yake har yau bai kamo na ɓawo ba, kuma tsakaninmu da magani a kanti akwai tafiya mai tsawo. Amma a ɗakinmu, duk kwalbar da aka raunata don gwaji ba ta shiga tukunya sai an ba ta baƙin faranti an jira ta. Ba ya cikin kowane littafi. Samira, in kin zo, bayan wata shida na wankin kwalabe, shi zan fara nuna miki.

Wancan farantin na farko ya yi mako uku bai motsa ba. Kullum na dawo gida, kafin in cire takalmi, Kaka za ta tambaya daga kan tabarma, "Yaya mai jiki?" In ce da sauƙi, don haka ake cewa. Ran nan da safe na ɗaga farantin a taga, na ga wani ɗan fari kamar ƙwayar shinkafa ya ɓullo a kan baƙin. Da na dawo ta tambaya kamar kullum.

Na ce, "Kaka, ya tashi zaune."

Ta ce alhamdu lillahi, ta ciji zaren da haƙori, ta miƙo mini ƙullin saiwa in riƙe mata ta ɗaure.